Adudun Gwaggo da Fadamar Bakin Rafi

Akwai maganar da na san kun sha ji a Ruwan Godiya tun kuna ƙanana, in an kai ku hutu, cewa ubanku ya kwashe littattafan kakansa ya kai wa gwamnati, ya haɗa har da fadamar gidan, aka saka mashi da kujera. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma na gode da wannan kawaici. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, waɗanda abin ya faru a gabansu kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, gara ku ji yadda aka yi daga bakina. Akwai inda na yi kuskure a ciki, shi ma zan faɗa.

Shekarar ita ce wadda kuɗin mai suka cika gari. Wanda kuka rabu da shi bara yana tura keke, bana sai ku gan shi bisa babur, baɗi kuma cikin mota. Abokan karatuna da yawa suka ajiye aikin gwamnati suka shiga kwangila. Ni kuwa ina babban laburaren jami'a, a sashen da ake tara duk abin da aka rubuta game da ƙasar Hausa da maƙwabtanta: littattafan da aka buga, tsofaffin jaridu, taswirori, rahotannin Turawan mulki, da rubuce-rubucen malamanmu na hannu, na Larabci da na ajami. Baturen da ke shugabantar sashen ya tashi komawa ƙasarsu, aka kira ni ofis wata safiya aka ce ni zan gaje shi. Aikin ba ƙarami ba ne. Ni zan zaɓi abin da za a sayo, ni zan rubuta wa manyan ɗakunan karatu na ƙasashen waje su aiko mana da hoton takardunmu da ke hannunsu, ni zan tarbi masu bincike, ga ma'aikata ƙarƙashina waɗanda wasunsu sun haife ni. Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne littattafan da ke cikin gidaje. Kuɗin da suka saya mana motar ofis da na'urar ɗaukar hoto, su ne dai ke sa mutane rushe tsofaffin soraye su gina na bulo da kwano. Duk soron da aka rushe kuwa, sai an fito da tarin takardu an rasa inda za a kai su. Wasu a zuba a buhu a jefa cikin rumbu, gara ta gama da su a damina guda. Wasu a binne su don girmama ayoyin da ke ciki. Na ga in ban tashi ba, nan da 'yan shekaru ba za a sami abin tarawa ba.

Na fara da ƙasarmu, don ina ganin nan ne za a fi saurare na. A Ƙanƙara aka nuna mani gidan wani tsohon malami da aka ce yana da littattafan da suka cika ɗaki. Ya tarbe ni a zaure, aka kawo fura, na yi ta zuba bayani: ɗaki mai sanyi, maganin gara, akwatunan ƙarfe, da yadda za mu ɗauki hoto mu mayar mashi da kayansa in ya fi son haka. Ya bar ni har na gaji don kaina, sannan ya tambaye ni ko ni ɗan wane gida ne. Da na ambaci Malam Idrisu na Ruwan Godiya, sai ya gyara zama.

"Ai ubana ya yi karatu tare da shi. To nashi littattafan suna ina? Ka kai su wurin nan mai sanyi?"

Na ce ban kai ba tukuna.

"To tahi ka kai na gidanku, ɗana. In ka kai, ka dawo mu yi magana."

Ban ji haushinsa ba. Kunya na ji. Daga ƙofar gidansa na ce wa direba ya ɗauki hanyar Faskari.

Sai in gaya maku yadda gidanmu yake a lokacin. Mahaifina ya rasu ina ɗan yaye, ƙanensa Baba Sule ya riƙe ni, ya haɗa ni da ɗansa Lawal, wanda kuka tashi kuna kira Baba Alhaji. Baba Sule manomi ne na sosai, mai 'yan shanu, ba mai yawan magana ba. Gonakinmu na tudu suna ba da dawa da gero daidai gwargwado, amma abin da ke riƙe da gidan shi ne fadamar bakin rafi: shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani, ga rake a gefe, ga mangwaro uku da Baba ya dasa da hannunsa. Yaya Lawal ya girme ni da shekara huɗu. Shi ya goya ni a keke zuwa Faskari ranar da zan rubuta jarrabawar shiga makarantar gaba, ya zauna a rana yana jirana har na fito. Shi bai yi nisa a boko ba, amma kansa na ja, hannunsa kuma a buɗe yake. Da kuɗi suka shigo ya sami tifa, ya shiga aikin kwalbati da jigilar marmara, ya je Makka, ya dawo da niyyar sake gidan gaba ɗaya.

Sai kuma Gwaggo Hajara, babbar 'yar Malam Idrisu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta zauna a tsohon soron mahaifinta. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta zauna ta yi karatu mai zurfi a gabansa, ita kuma ya bar wa littattafansa. Kullum bayan la'asar matan unguwa kan taru a ƙofar ɗakinta tana biya masu. Da yake sunan mahaifinta aka sa mani, ba ta taɓa kiran sunana ba. Malam Ƙarami take ce mani, ko ina cikin laifi. Littattafan suna cikin wani babban adudu a bayan gadonta, kowane a gafakarsa ta fata. Muna yara ko kusa da adudun ba a barin mu mu je.

Da na isa gida na tarar an jibge bulo da yashi a tsakar gida. Bazara ce, Yaya Lawal na sauri ya gama kafin ruwa ya sauka. Soron Gwaggo na cikin waɗanda za a rushe, don gara ta ci azararsa, bara ma sai da aka tara kwanoni a ciki saboda yoyo. Ba da mugunta ya yi niyyar ba, so yake ya sa ta a ɗaki mai siminti da taga mai gilashi. Ya rungume ni, ya zagaya motar ofis yana dariya, yana cewa ashe masu jera littattafai ma ana ba su mota. Washegari ya tafi Sabuwa inda yake da aiki, ya ce sai Juma'a ta sama zai dawo.

Na sami Gwaggo da hantsi tana kaɗi a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Malam Ƙarami, faɗi abin da ya kawo ka. Tun jiya hankalinka na bisa adudun nan."

Na faɗa mata. Ta ajiye mazarinta, ta jero tambayoyi. Wa zai karanta su a can? Ana taɓa su da alwala? Mace na iya shiga? In jikokinta suka je za a nuna masu, ko sai mai takardar makaranta? Na amsa iyakar gaskiyata, har da cewa ba kowane mai bincike ne musulmi ba, amma babu mai taɓa su sai a gaban ma'aikaci, da hannu mai tsabta.

"Idona ya tahi," in ji ta. "Cikin ɗiyan gidan nan ba mai karanta hannun Malam sai kai, kai kuma ba ka nan. In na mutu, buhu za a sa su. Na yarda ka ɗauka. Amma ba za ka kwashe su kamar mai kwasar dawa ba. Sai mun zauna mun bi su warƙa-warƙa, na gaya maka kowane mi ne ne."

Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa yin irinsu ba a duk shekarun aikina. Da an gama karin kumallo sai a shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida, magina na ta buga bulo a gefe, mu kuma mu buɗe gafaka ɗaya. Ni ke karantawa da ƙarfi, ita ke gyara mani. Sau da yawa ina fara layi sai ta ƙarasa shi da ka, har ta gaya mani abin da Malam ya rubuta a gefen shafin da jan tawada kafin in kai wurin. Akwai littattafan fiƙihu da nahawu da ya kwafa da hannunsa yana almajirin ilimi. Akwai wasiƙun da suka yi ta musaya da malaman Ƙanƙara da na wajen Sabuwa a kan gado da iyakar gona. Akwai kundin magungunan shanu, wanda ta ce Fulanin daji kan zo har gida a karanta masu. Akwai inda ya rubuta shekarar da fara ta cinye amfanin gona, da sunayen gidajen da suka tashi suka bar garin saboda yunwa. Ina rubuta kati ga kowane ɗaya: sunan littafi, mai shi, yawan warƙoƙi, inda gara ta taɓa. In na rubuta sai ta ce in karanta mata katin, kuma sau da dama sai ta sa na yage na sake. Ta ce aikin bokona ba laifi, sai dai gaggawa ta yi mashi yawa.

Rana ta biyar muka kai ƙasan adudun. Ta sa hannu da kanta ta ɗauko wani ɗan ƙyallen saƙi a naɗe, ta riƙe shi a cinyarta, ba ta miƙo mani nan take ba.

"Wannan karanta shi a zuci," ta ce. "Magina na ji."

Warƙa ɗaya ce, hannun Malam ne ba shakka, da sunayen shaidu biyu a ƙasa. Abin da ke ciki shi ne, fadamar bakin rafi ba tamu ba ce. Ta abokinsa ce, Malam Tanimu, wanda ya tashi ya koma Sheme a shekarar yunwa, ya bar wa Malam Idrisu ita aro, ya noma ya ci da iyalinsa, duk ranar da shi ko zuriyarsa suka nema a mayar masu. Na karanta sau biyu. Na ɗaga kai na ga tana kallon wajen da nake, da idanun nan nata da suka yi fari.

"Gwaggo, Baba ya sani?"

"Bai sani ba. Yana yaro aka yi. Malam ya ce mani in gaya mashi in ya girma. Da ya girma sai ga iyali, sai ga ka maraya, sai ga shekarun da ba a samu ba. Kullum in ce baɗi. Malam Tanimu ya rasu, ɗiyansa ba su zo ba, ni kuma na yi shiru. Shekara talatin da wani abu ina kwana da takardar nan a bayan kaina."

Nan fa aikina ya tsaya mani a wuya. Duk abin da ya shiga sashenmu sai an yi mashi kati, duk mai bincike kuma zai iya neman sa. Amma akwai hanya. Dokar laburare ta yarda shugaban sashe ya rufe takarda shekaru masu yawa in masu ita sun nema, ba mai gani sai bayan wa'adin. Shugaban sashen kuwa ni ne. Sa hannu ɗaya ya isa. Ko ma in bar warƙar a gida, in tafi da sauran. Na kwana biyu ina jujjuya abin. Ina tuna cewa shinkafar fadamar nan ce ta raine ni, albasarta ce ta saya mani rigar makaranta ta farko. Na koma wa Gwaggo da dabarata, ina jin na samo mafita. Ta saurara har na gama.

"In ka rufe, wa ka rufe wa? Mutanen Sheme?"

Ba ta jira amsata ba, ta ɗora.

"Ni na rufe a adudu, kai ka rufe a akwatin ƙarfe. To mi ya sake? Malam Ƙarami, ban raba wa ubana magana. Ko ka ɗauka duka, ko ka bar mani duka."

Ba ta tilasta ni ba, ku fahimci wannan. Da na ce na bari duka, da ta mayar da kayanta ta rufe, ba wanda zai ji. Ni na zaɓa. Na duba na ga zan shiga gidajen mutane ina ce masu su ba ni amanar iyayensu, cewa wurinmu ba a ɓoye komai ba a sauya komai, alhali takarda ta farko da ta taɓa cikina na danne ta. Na san in na yi haka sau ɗaya, na gama zama mai tsaron littattafai, ko da kuwa ba wanda ya sani. Na ce mata zan ɗauka duka, zan kuma yi wa warƙar kati kamar sauran. Amma ba zai yiwu Baba ya ji daga bakin wani baƙo ba. Ni zan gaya mashi.

Da sassafe na same shi a fadamar, yana ban ruwan albasa da jigo. Na karɓi gugan na taya shi har muka gama layin, sannan muka zauna ƙarƙashin mangwaro na karanta mashi. Ya karɓi warƙar ya kai ta kusa da fuskarsa. Ba ya iya bin rubutun sosai, amma ya san shi.

"Hannun Malam ne," ya ce.

Ya daɗe yana kallon fadamar daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce mashi takardar ta ce sai in sun nema, kuma ba su nema ba. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, bayan ni na kawo maganar. Ina jin tausayinsa ne ya kama ni.

"Ƙaƙa za su nemi abin da ba su san da shi ba?" in ji shi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Gobe ka kai ni Sheme a motar nan taku. Gobe-goben nan, tun zuciyata ba ta sake shawara ba."

Ga kuskurena. Ranar Laraba ce, Yaya Lawal zai dawo Juma'a. Ya kamata in ce Baba mu jira shi, ko in tafi Sabuwa in same shi, tafiyar da ba ta fi rabin yini ba. Shi ne babban ɗa, shi ke ɗauke da gidan. Ban yi ba. Na gaya wa kaina kwanakin da ofis ya ba ni sun kusa ƙarewa, amma gaskiyar ita ce tsoronsa nake ji. Na san in ya zauna da mu zai iya juya mu duka, ni ma har da ni.

A Sheme muka yi tambaya aka nuna mana jikan Malam Tanimu, wani dattijo mai suna Malam Haruna, yana sayar da dankali da gyaɗa a bakin hanya. Da ya ga motar gwamnati ta tsaya a gabansa sai ya miƙe yana rantsuwa cewa ya biya harajinsa. Baba ya kama hannunsa ya zaunar da shi bisa benci, ya ce in karanta. Da na gama, mutumin ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce ko dai mun yi ɓatan kai ne. Ya taɓa jin kakarsa na cewa suna da wuri a Ruwan Godiya, amma ya ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Gonarsa guda ce ta tudu, 'ya'ya tara. Ya fashe da kuka a bakin hanya, masu motoci na kallo. Baba ya roƙe shi ya yafe mana abin da muka ci a shekarun da ya kamata a ce an sanar da su. Malam Haruna ya ce ya yafe duniya da lahira. Bayan mako guda suka zo da 'yan uwansa, aka zauna gaban mai gari, suka karɓi fadamar. Sun bar wa Baba albasar da ke ƙasa, suka kuma ce mangwaron nan uku nasa ne muddin yana raye. Wani zai ce ai da sun bar mana rabi. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Sun fi mu bukata, kuma tasu ce.

Yaya Lawal ya iso ranar Juma'a da hantsi, washegarin zuwanmu Sheme, da sabon injin ban ruwa ɗaure a bayan tifa. Ya sayo shi ne don Baba ya huta da jan jigo. Tun a tasha aka tare shi da labari. Ya shigo gida ya same ni ina ɗaure gafakoki cikin akwati. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mani sauƙi.

"Ƙarami, ni ba kowa ba ne a gidan nan?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na yi laifi da ban jira ka ba."

"Kai kana da albashi. Wata ya ƙare, a kira ka a ba ka. Su waɗannan fa?" Ya nuna matan gida da yara da suka yi cirko-cirko. "Fadamar nan ce albashinsu. Kwangila yau akwai, gobe babu, ni na sani ko kai ba ka sani ba. Ka zo da takarda, za ka tafi da takarda, ka bar tsoho da tudu."

Gwaggo ta yi magana daga ɗaki, ta ce ita ce mai laifin, ita ta ɓoye. Ya ce, "Gwaggo, ke uwa ce, ba ni da ta cewa a kanki." Ya juya ya fita. Injin ya kwana uku a bayan tifa kafin ya mayar da shi.

Abin da ya faɗa kuma ya tabbata. Bayan 'yan shekaru kuɗin suka ja baya, kwangila ta tsaya, tifar ta zauna bisa duwatsu a ƙofar gida. Gidan da bai taɓa sayen shinkafa ba ya koma awo a kasuwa. Baba ya rage shanunsa. Yaya Lawal ne ya ɗauki nauyin duka, ya koma noman tudu da fataucin hatsi, bai bar kowa ya kwana da yunwa ba. Abin da nake aikawa ba ya taɓawa, sai ya ce a kai wa Gwaggo. Maganar da kuka ji ta cewa na sayar da littattafai da fadama, ba shi ya ƙirƙire ta ba, 'yan gari ne suka haɗa mota da akwatuna da tafiyar Sheme suka ƙulla. Shi dai bai ƙaryata ba. In na zo gida zai amsa sallamata, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ya sa a kama maku kaji, amma ba ya zama inda nake, ba ya cin abinci da ni. Mutumin da muka tashi muna sa hannu a akushi ɗaya.

Ta wajen aiki kuwa, labarin ya riga ni isa Ƙanƙara. Tsohon malamin nan bai bar ni na zauna ba ya sa aka fara fito da littattafai. Daga shi sai ƙofofi suka yi ta buɗewa, har Sabuwa da ƙauyukan da mota ba ta shiga sai mu bar ta mu taka. Shekara ashirin da 'yan kai na riƙe sashen. Masu bincike sun zo daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, sun zauna sun karanta kundin magungunan shanu na Malam Idrisu. Ban taɓa jin daɗin wannan cikakke ba, don na san wanda ya biya.

Sau ɗaya na kai Gwaggo ta ga wurin. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, duk da na ce ba sai ta tuɓe ba. Ta ce sanyin ɗakin zai sa wa Malam mura. Ta bi akwatunan tana shafawa, ta sa aka buɗe mata ɗaya ta shinshina, ta ce an kyauta, ba warin gara. Wata ɗaliba na zaune tana kwafar wata wasiƙa ta Malam, ta kasa gane wata kalma. Gwaggo ta ce ta karanto mata abin da ke gabanta, ta faɗa mata kalmar, ta kuma zauna nan ta yi mata bayanin wasiƙar duka har aka tashi aiki. A mota ta ce mani yarinyar na da kai, sai dai ita ma gaggawa. Ba ta ƙara shekara biyu ba ta rasu, a ɗakin simintin da Yaya Lawal ya gina mata.

Baba Sule ya fi ta daɗewa. Har ƙarshe yakan taka zuwa bakin rafi lokacin mangwaro, ya zauna su yi hira da Malam Haruna, ya dawo da 'ya'yan a aljihu yana raba wa jikoki. Da ya rasu na zo muka yi zaman makoki. Rana ta uku, bayan an yi addu'a mutane sun watse da azahar, na shiga zaure in ɗauki takalmana. Yaya Lawal na zaune shi kaɗai, an ajiye mashi tuwo bai buɗe ba. Gemunsa ya yi fari fat, ban lura ba sai ranar. Na juya zan fita.

"Ƙarami."

Na tsaya.

"Tsohon nan, ana jibi zai cika, ya ce mani zai tahi ba nauyin kowa bisa kansa. Yana murmushi ya faɗa." Ya share fuska da hannun riga. "Har gobe ban ce ka yi daidai ba."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya buɗe kwanon, ya tura shi tsakiyar tabarma.

"Wanke hannunka. Miyar na hucewa."